Albaras a Ƙasar Daura: Tabon Ya Tsaya Ko Yana Tafiya?

Da hantsi, a wani shagon sayar da magani da ke bakin titi a Sandamu, wata dattijuwa ta shigo riƙe da hannun jikarta, yarinyar da ba za ta wuce shekara tara ba. Sai da ta bari waɗanda ke gabanta suka watse, sannan ta ɗage hijabin yarinyar, ta nuna wa mai shagon gefen idonta da bayan hannunta.

Tabo ne fari fat. Babu ruwa, babu ɓawo, babu kumburi.

"Malam, duba mini wannan abu," in ji ta. "Da damina ɗan ɗigo ne kawai. Yanzu ga shi ya kama gefen ido. Kuma inda ƙaya ta karce ta a gona, da ya warke sai ya bar farin layi."

Mai shagon ya leƙa, ya juya ya ɗauko wani man shafawa daga kanta. "Iya, a shafa wannan safe da yamma. In Allah ya yarda zai baje." Ta kwance bakin zane ta biya, ta mayar wa yarinyar hijabinta har goshi, suka fita.

A cikin abin da dattijuwar ta faɗa akwai maganar da likitan fata zai ajiye alƙalami ya sake tambaya a kanta, wato farin layin nan da ya fito a gurbin karcewar ƙaya. Wannan layi shaida ce cewa ciwon bai tsaya ba, yana kan cin fata, kuma ana cikin watannin da magani ya fi tasiri. A shagon babu wanda ya kula da shi.

Ciwon da ba ya zafi

Albaras, wanda likitoci ke kira bitiligo, ciwo ne da ke sa fata ta rasa launinta a wasu wurare. A cikin fatar kowane mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne samar da sinadarin launi, melanin. Ga mai albaras, garkuwar jikinsa ce ke kuskure, ta ɗauki waɗannan ƙwayoyi a matsayin abokan gaba ta riƙa kashe su. Duk inda suka ƙare, wurin sai ya koma fari.

Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Cin abinci a kwano ɗaya, musafaha, kwana ɗaki ɗaya, aure, shayarwa, babu wanda ke ɗauke shi daga wani ya kai wa wani. Ba ya cin yatsu, ba ya kashe jijiya, ba ya rage kwana.

Ana ƙiyasta cewa yana samun tsakanin mutum ɗaya cikin 200 zuwa biyu cikin 100 a duniya, maza da mata kusan daidai, kuma wajen rabin masu shi yakan fara musu kafin su cika shekara 20. Sandamu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura tare da Daura, Mai'aduwa, Zango da Baure, tana da mutane kusan 137,000 a ƙidayar 2006, yau kuwa sun haura haka nesa ba kusa ba. Ko da mafi ƙarancin ƙiyasin aka ɗauka, ana maganar ɗaruruwan mutane ne daga Fago zuwa Rijiyar Tsamiya, daga Karkarku zuwa Katsayal. Ba a ganin su da yawa ne saboda hijabi da doguwar riga da zaman gida suna rufe su.

Bature mai albaras zai iya shekara maƙwabcinsa bai lura ba. A baƙar fata kuwa tun daga nesa ake hango shi. Shi ya sa nauyin ciwon a wurinmu ya fi yawa a zuciya da zamantakewa: yarinya ta daina zuwa Islamiyya, saurayi ya daina zama majalisa, mai tallan fura ta ga masu saye sun ja baya.

Tambayar da ba a yi

In farin tabo ya bayyana, tambayoyi biyu ake yi a gida: mene ne wannan, kuma wa ya jawo shi? Tambaya ta uku, wadda likitoci suka fi damuwa da ita, ba kasafai ake yin ta ba: yana ƙaruwa ko ya tsaya?

Albaras ba ya tafiya a kan ƙa'ida ɗaya. Wani zai yi shekara goma da tabo guda a gwiwar hannu bai motsa ba. Wani kuma cikin wata uku zai ga ya bazu daga fuska zuwa hannaye zuwa ƙirji. Mutum ɗaya ma yakan ga duka biyun, ciwon ya lafa shekaru, sannan ya tashi. Masana fata na duniya sun yi ittifaƙi cewa ba a cewa ya tsaya sai an yi wata 12 babu sabon tabo kuma tsofaffin ba su faɗaɗa ba.

Abin kamar wutar daji ne a bakin gona. Aikin mai gona a lokacin da wuta ke ci dabam ne da aikinsa bayan ta mutu ta bar toka: na farko tarewa ne da gaggawa, na biyu gyara ne a hankali. Mayar da launi wurin da ya riga ya yi fari yakan ɗauki wata shida zuwa shekara biyu, wani wurin ma ba ya dawowa. Tsayar da ciwon kafin ya kama sabon wuri ya fi sauƙi ƙwarai. Kuma fatar da kanta tana nuna halin da ake ciki, ga wanda ya san abin da zai duba.

Farin layi a gurbin rauni

Alamar da ta fi kusa da rayuwar mutumin karkara ita ce wadda ake danganta wa Heinrich Koebner, wani likitan fata ɗan Jamus da ya bayyana ta a shekarun 1870 a kan wani ciwon fata dabam, daga baya aka gane tana faruwa a albaras. Bayaninta a taƙaice: duk inda fata ta ji rauni, ciwon sai ya sauka a wurin. Yanka, ƙuna, ƙujewa, susa mai tsanani, gurbin allura, duk kan iya warkewa su bar fari da siffar raunin daidai. In karcewa ce, layi za a gani. In ƙunar bakin tukunya ce, lanƙwasar bakin tukunyar za ta fito. Bincike daban-daban sun same ta a tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa fiye da rabin masu albaras.

Ba sai jini ya fita ba. Guga ta yau da kullum ma ta isa. A duba inda zariyar wando ke matse ƙugu, da inda mace ke ɗaure zane, da inda igiyar silifas ke bi ta bayan ƙafa. A duba wuyan hannu ƙarƙashin agogo ko awarwaro, da gaɓoɓin yatsun da ke riƙe ƙotar fartanya tun daga shuka har girbin gero, da hannun da ke jan igiyar guga safe da yamma. Gwiwa, gwiwar hannu da idon sawu, wuraren da ke gugar tabarma da ƙasa, su ma suna cikin inda ya fi kamawa.

A nan ne wasu daga cikin al'adunmu na neman lafiya suke zama matsala. Mai albaras da aka kai wa wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho a kan tabon ko kewayensa don a fitar da mataccen jini, in ciwon yana kan tashi, kowace tsaga tana iya zama sabon farin layi. Haka sakiya. Haka dirza wurin da dutsen wanka ko soso mai kaushi don a kankare farin. Haka ɗaura dakakkiyar tafarnuwa ko wani haɗi mai zafi har fata ta yi bororo ta saɓe. Garin gyaran gira ake rasa ido. Wanzamai mutane ne masu sana'a da mutunci a garuruwanmu, kuma in aka yi musu wannan bayani da yawansu za su riƙa mayar da mai farin tabo asibiti da kansu.

Sai dai a lura: ƙuna mai zurfi takan bar farin tabo ko a jikin wanda ba shi da albaras. Abin da ke jan hankali shi ne ƙaramin rauni, wanda a da zai warke ba alama, ya koma fari fat a jikin mai tabon albaras a wani wuri.

Ɗige-ɗige da launi uku

Alama ta biyu tana buƙatar a matso kusa, a wuri mai haske. A bakin babban tabon, ko a bayan hannu da ƙafa, sai a ga fararen ɗige-ɗige barkatai, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, wasu sun ɗan ɗara ta. A 2015 wasu likitocin fata a Dallas ta Amurka suka wallafa nazarin da ya nuna masu irin waɗannan ɗige-ɗige ciwonsu ya fi saurin bazuwa cikin 'yan watanni. Kowane ɗigo wuri ne da garkuwar jiki ta fara sabon hari, kuma in aka bar su sukan haɗe su zama tabo guda. Wannan ce alamar da ta fi neman gaggawa.

Akwai kuma wasu ɗige-ɗigen da ke ɗauke da albishir, kuma bai kamata a rikita su ba. In aka ga ɗigo masu duhu, kalar fatar mutum ta asali, suna fitowa a tsakiyar farin tabon, a gindin kowane gashi, to launi ne ke dawowa. A saiwar gashi akwai ajiyar ƙwayoyin launi, daga can suke fitowa su bazu. Fari a kan baƙi hari ne. Baƙi a cikin fari sauƙi ne.

Alama ta uku a baƙar fata ta fi fitowa sarai. Maimakon tabon ya tashi daga fari ya faɗa kai tsaye cikin launin fata, sai a ga launi uku a jere: fari fat a tsakiya, sai wani zagaye mai ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, sannan fatar asali. Zagayen tsakiyar nan wuri ne da ƙwayoyin launi suka fara mutuwa ba su ƙare ba. Shi ne inda farin zai kai nan gaba, kuma shi ne inda magani zai iya ceto.

Bakin tabon shi ma yana magana. Wanda ya tsaya yakan yi iyaka a fili, ana ganin inda ya ƙare tsaf, wani lokaci bakin ma ya ɗan fi sauran fata duhu. Wanda ke tafiya bakinsa a dusashe yake, ba a iya sa yatsa a ce ga inda ya tsaya. Kaɗan daga cikin masu ciwon sukan ga bakin ya yi ja ya ɗan tasa, ko da yake jan ba ya fitowa sosai a fata mai duhu. Wasu kuma sukan ji ƙaiƙayi a wuri kafin ya yi fari, abin da sau da yawa ake ɗora wa zufa ko ƙaiƙayin gero.

Farin zobe da ke kewaye tawadar Allah, musamman a jikin yara, ya cancanci a nuna wa likita. Gashin da ke cikin tabon, na gira ko na ido ko na gemu, in ya koma fari, wannan yana nuna ajiyar launin da ke saiwarsa ta ƙare, kuma dawo da launi a wurin zai yi wuya da man shafawa kaɗai.

Akwai wani nau'i da ya fi kama yara, wanda ke fitowa a ɓangare ɗaya na jiki kawai, misali rabin fuska, ba ya tsallake tsakiya. Yakan yi gudu cikin wata shida zuwa shekara biyu, sannan ya tsaya cak. Tun da gudunsa na ɗan lokaci ne, jinkirin wata uku ko huɗu a kansa ba ƙaramar asara ba ce.

Ba kowane fari ne albaras ba

Ƙyasbi ya fi albaras yawa nesa ba kusa ba. Yakan kama ƙirji, baya da wuya, ya fi tashi lokacin zafi da zufa, launinsa bai kai fari fat ba, kuma in aka ɗan kankara da farce sai a ga gari-gari. Maganinsa mai sauƙi ne. Yara kuma sukan yi wani dusashen fari a kumatu, musamman da hunturu, wanda mai da kulawa ke gyarawa. Dattawa sukan sami ƙananan fararen ɗigo a ƙwauri da hannu, na shekaru da rana, waɗanda ba sa haɗewa kuma ba su da illa. Zabiya kuwa da haka aka haife shi.

Wanda ya fi tsorata mutane shi ne kuturta, kuma wannan tsoro ne ke sa a ɓoye. Bambancin a fili yake. Tabon kuturta dusashe ne ko ja-ja, ba ya yin fari fat, kuma babbar alamarsa ita ce rashin ji: a shafa auduga a wurin mutum yana rufe da ido, ba zai san an taɓa shi ba. Tabon albaras yana jin taɓi kamar ko'ina. Kuturta kuma a yau ana warkar da ita da ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta na wata shida ko shekara guda. Asibitin Babbar Ruga a Katsina, da na Yadakunya a Kano, da cibiyar Saye a Zariya, da ta Danja kusa da Maraɗi, duk sun daɗe suna wannan aiki. Saboda haka ko wanne ne daga cikin biyun, ɓoyewa ba ta da riba.

Me ke tayar da shi?

Gado yana da hannu, amma ba kamar yadda ake zato ba. Wajen ɗaya cikin biyar na masu albaras suna da wani a dangi mai shi. Mafi yawan 'ya'yan mai albaras ba sa samun sa. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, in guda yana da shi, a mafi yawan lokuta ɗayan ba ya kamuwa. Ana gadon yiwuwar ne, sai wani abu ya zo ya tayar: ƙunar rana mai tsanani, rauni, tashin hankali mai nauyi, wasu matan kuma lokacin ciki ko bayan haihuwa.

Maganar cin kifi a sha nono, wadda ake yi a nan kamar yadda ake yi a Indiya da ƙasashen Larabawa, babu binciken da ya tabbatar da ita. Yara da yawa an hana su abinci mai gina jiki a kanta a banza.

Abin da aka tabbatar shi ne hannun wasu sinadarai. A 1939 aka ga ma'aikatan wata masana'antar jima a Amurka hannayensu suna komawa fari, aka gano wani sinadari ne a safar robar da suke sawa. A 2013 kamfanin Kanebo na Japan ya janye wasu mayukan hasken fata daga kasuwa, bayan da masu amfani da su suka fara samun fararen tabbai. Adadinsu ya kai kusan mutum 20,000. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Man bilicin ya cika kasuwanninmu, har da haɗin da ake zubawa a roba babu suna babu lamba, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi shi ma yana iya ƙona fata ya bar farin zanen furen da aka yi. Mai albaras, ko wadda ake da shi a gidansu, ta nisanci waɗannan.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne budurwar da ke shafa bilicin don sauran fatarta ta yi haske tabon ya daina fitowa fili. Niyyarta a fahimce take. Amma tana iya ƙara wa ciwon ƙarfi ne da kuɗinta.

Gida, zaure da mai magani

A gida, bayanin da ya fi saurin karɓuwa shi ne sammu ko iska, musamman in tabon ya fito ana dab da biki ko bayan wata rigima. Masu maganin gargajiya kuma suna da hujjarsu: sun ga waɗanda suka sha jiƙo ko suka shafa haɗi launi ya dawo. Ba ƙarya ba ne cewa akan ga hakan. Albaras yakan lafa da kansa, wani wurin ya ɗan dawo, kuma akwai tsirran da ke da sinadarin da ke sa fata ta ƙara karɓar hasken rana. Masarawa sun daɗe suna amfani da irin wannan tsiro, har masana a Alƙahira suka fitar da magani daga cikinsa a ƙarshen shekarun 1940. Matsalar ita ce awo. In ya yi yawa, rana ta ƙona wurin ya yi bororo, kuma a jikin wanda ciwonsa ke tashi ƙunar kanta sabon tabo ce.

Ta fuskar aure ne ɓoyewa ta fi tsanani. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ɗaliban zaure suka sani, ya lissafa albaras cikin abubuwan da ke ba da zaɓin warware aure, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa wannan zaɓi na wanda ba a sanar da shi ba ne kafin ɗauri. Hukuncin yana kare mutum ne daga a rufe shi. Bai ce mai albaras abin gudu ba ne. A Sahihu Muslim akwai labarin Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman da ya yi fama da albaras ya warke saura wuri kamar faɗin dirhami, wanda Annabi (SAW) ya yi wa Sayyidina Umar wasiyya da ya nemi ya roƙa masa gafara. Limamin da ya ba da wannan labari a huɗuba, ya haɗa da cewa ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum kuma neman magani da wuri yana da amfani, ya sauke wa gidaje da yawa nauyi.

Addu'a da asibiti ba sa karo. Abin da ke cutarwa shi ne a shekara ana zagaye, sai tabon ya gama bazuwa sannan a tuna da likita.

Abin da asibiti ke iya yi

Likitan fata yakan gane albaras da ido. Wani lokaci yakan haska wurin da wata fitila ta musamman a ɗaki mai duhu, wadda ke fito da tabon da ido bai fara gani ba. Yakan kuma nemi a gwada jini, domin albaras yana yawan tafiya tare da ciwon ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, wani lokaci da ciwon suga ko ƙarancin jini.

In tabon kaɗan ne, akan ba da man sitiroid mai ƙarfi na ƙayyadadden lokaci tare da hutu a tsakani, ko man takrolimus, wanda ya fi dacewa da fuska da fatar yara. In alamun gudu sun bayyana, likita kan iya ba da ƙwayar sitiroid kaɗan, kwana biyu a jere kowane mako, na wata uku zuwa shida, kuma wannan yana tsayar da ciwon ga mafi yawan mutane. Akwai kuma gashi da wani haske na na'ura, sau biyu ko uku a mako. A watan Yulin 2022 Amurka ta amince da wani sabon mai, Opzelura, na farko da aka yi wa rajista musamman don dawo da launi a albaras, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka ko a can. Dashen fata kuwa sai ga wanda ciwonsa ya tsaya shekara guda. In aka yi shi ciwo na tashi, har inda aka yanko fatar yana iya komawa fari.

Fuska da wuya sun fi karɓar magani. Yatsu, leɓe da ƙafa sun fi taurin kai, saboda ƙarancin gashi a wuraren. Kuma wajen huɗu cikin goma sukan ga tabon ya dawo cikin shekara in an daina magani kwatsam, shi ya sa likita kan ce a ci gaba da shafawa sau biyu a mako.

Gargaɗi a nan wajibi ne. Waɗannan magunguna ana samun su a kemis ba tare da takarda ba, kuma sinadarin ƙwayar shi ne dai ke cikin wasu ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Shan su kullum ba bisa awo ba yana jawo hawan jini, ciwon suga, kumburin fuska da raunin ƙashi. Man sitiroid da aka daɗe ana shafawa a fuska yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, a gefen ido kuma yana iya taɓa gani. Magani ɗaya ne, bambancin awo ne da sa idon likita.

Nisa, tsada da abin da ke hannunmu

Likitocin fata a Najeriya ƙalilan ne, kuma mafi yawansu suna manyan asibitocin koyarwa. Mutumin Sandamu Daura ce kusa da shi. Daga nan, in ana buƙatar ƙwararre, sai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, tafiyar wajen kilomita 80, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga kuɗin mota, ga na magani na watanni. Gashin haske sau uku a mako ba abu ne da manomi zai iya jurewa daga ƙauye ba, gaskiya ke nan. Amma tsayar da ciwo mai gudu ba ya buƙatar na'ura. Yana buƙatar ma'aikacin lafiya da ya san alamun, da takardar turawa a kan lokaci.

Abin alfahari ne cewa Ranar Albaras ta Duniya, 25 ga Yuni, daga Najeriya ta samo asali. Wata 'yar ƙasar nan mai ɗauke da ciwon, Ogo Maduewesi, ita ta jagoranci taron farko a Legas a 2011, kuma ranar ta dace da ranar rasuwar mawaƙin Amurka Michael Jackson, wanda binciken gawarsa ya tabbatar yana da albaras. Ya kamata a ji wannan rana da Hausa a gidajen rediyon Jihar Katsina. Ya kamata hukumar lafiya matakin farko ta sa waɗannan alamu cikin horon da take ba ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis, tun da wurinsu ake fara zuwa. Hakimai da dagatai da limamai kuma su taimaka a daina kiran yaran nan da sunayen da ke hana su makaranta.

A gida ma akwai abin yi, kuma ba ya cin ko kwabo. A ɗauki hoton tabon da waya sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, cikin haske iri ɗaya, a ajiye tsinken ashana a gefensa don a gane girma. Ido yana mantuwa, hoto ba ya yi, kuma shi likita zai fara nema. A sassauta ɗauri, a bar dirza, a sa malafa da riga mai dogon hannu in za a gona, domin farin wuri yana saurin ƙonewa a rana.

Duk wanda ya ga sabon tabo cikin 'yan watannin nan, ko rauni ya warke ya bar fari, ko ɗige-ɗige a bakin tsohon tabo, ko launi uku a jere, kada ya jira a gama girbi ko a wuce biki. Ya je asibiti cikin makon, ya gaya wa likita da bakinsa cewa tabon yana ƙaruwa, ya kuma nemi a tura shi wurin likitan fata.